Amsar tambayar Baffa kan tocila mai cin nisa

(Muryar da ɗan'uwanmu mai gyaran rediyo da waya a nan Garwa ya tura cikin guruf. An rubuta ta ne saboda waɗanda ba su samu damar saukewa ba.)

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Baffa Alhaji, Allah ya ƙara girma, ina gajiya, ya iyali, ya ban ruwa? Na ji muryarka tun da la'asar, shago ne ya cika, sai yanzu na samu zama. Ka ce kana so mai gadin gonar albasarka ta bakin Binuwai ya riƙa hango wajen injin ban ruwa daga rumfarsa, kuma tsakani zai kai mita 300. Ka ga wata tocila a kasuwa mai kan nan da ake ja gaba a ja baya, an rubuta lumen 100,000 a kwalinta, kana tambaya ko ka saya. Sannan tsohuwar taka ta ƙarfe, ko za a iya ƙara mata ƙarfi.

To Baffa, waccan ta kasuwa ka bar musu abarsu. Ƙwan LED idan ana tura masa wuta sosai, abin da yake bayarwa kusan lumen 100 ne a kan kowane wat ɗaya. Ke nan lumen 100,000 sai an ba shi kamar wat 1,000. Batirin da ke cikinta, wanda ake kira 18650, ko na ainihi ne abin da yake bayarwa wajen wat 12 ne na awa ɗaya. Ka ga da gaskiya suka rubuta, ko minti ɗaya ba za ta yi a kunne ba, kuma hannu ba zai iya riƙe ta ba saboda zafi. Akwai tocilar da ke ba da hakan da gaske, amma ƙwai 18 gare ta, har da fanka a ciki, kuma kuɗinta ba na gadin gona ba ne. Irin waɗannan na kasuwa in na buɗe su, yawanci ƙwai ɗaya nake tararwa, an rubuta T6. Shi T6 na ainihi, na kamfanin Cree, iyakarsa wajen lumen 1,000, balle wanda aka kwaikwaya.

Kuma ko da lumen ɗin gaskiya ne, ba shi ne ke kai haske nesa ba. Nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Lumen yawan hasken da ke fita ne gaba ɗaya, ta ko'ina. Abin da ke kai shi nesa shi ne yadda aka tattara shi wuri guda, kuma ma'auninsa kandela, za ka ga an rubuta cd. Kai da kake ban ruwa ka fi ni sani: ruwan da ke fita daga tiyo ɗaya ne, amma in ka matse bakin da yatsa sai ya tsallake kwami uku. To kandela ita ce matsewar.

Kamfanonin kirki suna bin wata ƙa'ida da aka fitar a Amurka a 2009, sunanta FL1. A ƙa'idar, nisan tocila shi ne wurin da haskenta ya ragu ya koma kamar hasken farin wata daren sha huɗu. Lissafin yana tafiya haka: kandela 10,000 mita 200, kandela 40,000 mita 400, kandela 160,000 mita 800, kandela 250,000 kilomita ɗaya cif. Ka lura, kafin nisa ya ninka sau biyu sai kandela ta ninka sau huɗu. Shi ya sa nisa yake da tsada. Sannan hasken farin wata a can nesa ba zai ishe ka ka bambance mutum da kututture ba, tunda sai hasken ya je ya dawo idonka. Ni abin da nake gaya wa masu zuwa wurina, duk nisan da aka rubuta su raba shi biyu, in lokacin hazo ne su raba uku. Don mita 300 ɗinka, ka nemi wadda aka rubuta wa mita 600 zuwa 900, wato kandela 100,000 zuwa 200,000. Kwalin da babu cd a jikinsa sam, sai lumen mai sifili rututu, ka ajiye shi.

Yanzu me ke kawo kandela? Abu biyu ne. Ƙwai ƙarami, da kwano babba. Kwano ina nufin madubin nan mai zurfi da ke kewaye da ƙwan. Ka leƙa cikinsa tocila tana kashe. In santsi ne sumul kana ganin fuskarka, na nisa ne. In yana da gurji-gurji kamar bayan lemo, na watsa haske ne kusa, ya dace da tsakar gida ko shago. Girman kai kuma ba ado ba ne, duk yadda kwano ya ƙara faɗi da zurfi haka yake ƙara tattara haske. Ƙwan kuwa mutane suna ɗauka babba ya fi. Za ka ji ana ta kiran XHP70, kuma gaskiya yana da haske, amma faffaɗa ne, a ƙaramin kai gabanka kawai zai cika da haske, can nesa duhu. Akwai wani ɗan mitsitsi na kamfanin Osram da ake ce wa W1, wurin da ke haske a jikinsa milimita ɗaya ne kacal, bai kai lumen 1,000 ba, amma a kwano ɗaya sai ya wuce wancan nesa ba kusa ba. Matsalarsa hasken siriri ne, in kana neman abu a faɗin gona sai ka yi ta lalube. Wanda na fi so wa aiki irin naka shi ne SFT40 na kamfanin Luminus. Fuskarsa shimfiɗe take babu ƙullutun roba a kai, yana cin nisa, kuma tsakiyar haskensa tana da ɗan faɗi.

Mai ja gaba ja baya kuwa, dalilin da ya sa ba na son ta: in ka ja kan don ta matse, kaso mai yawa na hasken yana maƙalewa cikin bututun bai kai gilashi ba, shi ya sa za ka ga ɗan murabba'i a bango, gefe duk duhu ƙirin. Mai gadi yana bukatar ya ga ƙasan ƙafarsa ma, bakin kogi ba a rasa maciji. Kuma duk jan da aka yi, ƙura take zuƙa ciki.

In da hali, ka sa yaranmu masu sayayya ta intanet su nemo maka Convoy C8+ mai ƙwan SFT40. Kanta kusan milimita 45 ne, batir ɗaya take ci, kuma an ƙera ta yadda komai nata yana kwancewa a gyara. In kana son wadda ta fi ta nisa da daɗewa, akwai L21B, kanta ya fi girma, tana cin batir 21700. Wajen zaɓar launin haske ka ce a ɗauko 5000K, mai ɗan ruwan ɗorawa, kada a ɗauko 6500K, fari mai ratsin shuɗi. Wannan maganar tamu ce ta nan arewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu in hazo ya sauko, farin haske mai ratsin shuɗi yakan daki ƙura ya dawo maka ido, sai ka ga sandar haske tsaye a iska amma abin da kake nema ba ka gan shi ba. Mai ɗan ruwan ɗorawa ya fi sauƙi a ido. Kuma ka gaya wa mai gadin kada ya riƙe ta daidai kunnensa, ya sauke ta wajen ƙugu ko ya miƙa hannu gefe, zai ga bambanci nan take.

Sai batir, kuma wallahi rabin tocilolin da ake kawo min a ce sun mutu ko ba su da haske, batir ne. Batir 18650 na gaskiya yawanci bai wuce wajen 3,500mAh ba, mAh ɗin shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa. Duk wanda ka ga an rubuta 8,800 ko 9,900, ƙarya ce tsagwaronta. Ka roƙi mai sikelin zinariya ko na magani ya ɗora maka: na kirki giram 45 ne zuwa 48, na bogi za ka ji shi sakayau a hannu tun kafin a auna. Sunayen da za ka nema su ne Samsung 30Q, ko Molicel, ko VTC6. In 21700 ne, wajen 4,000 zuwa 5,000mAh. Waɗanda muke cirowa daga tsohon batirin kwamfuta suna yi wa ƙaramar tocila aiki, amma ba a yi su don jan wuta mai yawa ba, kuma duk wanda na ɗora wa mita na ga ya sauka ƙasa da volt 2.5, ba na sake caja shi. Cikakken caji volt 4.2 ne, kada ya wuce. Ka saya masa guda biyu ko uku da caja mai USB, sola ɗin da ke rumfar ta isa.

Don Allah Baffa a kiyaye wannan: batirin da rigarsa ta yage kada a sa shi, a kawo in sake masa riga. Kada a jefa shi aljihu tare da makulli ko silalla, in ƙarfe ya haɗa kansa da jikinsa wuta yake kamawa. Kada a bar shi cikin mota ko kan kwanon rufi a zafin Maris da Afrilu, ka san Garwa tana wuce digiri 40.

To, maganar tsohuwar tocilarka. Ana iya gyara ta in jikinta alminiyam ne mai kauri, kwanonta mai santsi ne, kuma kan yana kwancewa. In roba ce ko mai ja gaba ja baya, kada mu ɓata kuɗi. Abin da zan fara dubawa shi ne inda ƙwan yake zaune. A masu araha za ka tarar faifan ƙwan yana rataye ne a kan ɗan baki siriri, ƙarƙashinsa rami, babu inda zafi zai bi ya fita. Irin wannan in ka ƙara mata wuta, ƙwan zai koma shuɗi, ya dushe, ya ƙone. Don haka zafi ake fara yi wa hanya. Zan sa sabon ƙwai a kan faifan jan ƙarfe, in shafa farin man nan da muke sa wa kwamfuta, kaɗan, shafa ɗaya siririya, in danne shi ya zauna daram.

Bayan nan sai diraiba, ɗan allon da ke auna wutar da ke zuwa ƙwai. Da yawa suna da wasu ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi masu lamba 7135, kowace ɗaya tana ba da 350mA, wato amfiya 0.35. Guda takwas ke nan amfiya 2.8, kuma T6 iyakarsa amfiya 3 ne, to ka ga babu sauran wurin ƙari, sai dai a canza ƙwan da diraibar tare. SFT40 yana ɗaukar amfiya 6 har zuwa 8 in jiki yana kwashe zafi. W1 kuwa in aka wuce masa 5 an shiga haɗari. Yara masu koyo suna son cire diraiba su haɗa batir kai tsaye da ƙwai, wai ta fi haske. Tana fi, na ɗan lokaci, daga nan sai a zo neman sabon ƙwai.

Sifirin ɗin gindin tocila, mai danne batir, shi ma yana cin wuta, ƙarfe ne siriri, in amfiya ta yi yawa yakan yi zafi har ya saki. Ana like ɗan guntun waya da dalma daga samansa zuwa ƙasansa, wuta ta bi ta nan. Aikin minti kaɗan ne.

Amma abin da ya fi ba da nisa, kuma kyauta, shi ne zaman ƙwai a tsakiyar kwano. Akwai ɗan farin zoben roba da ke kewaye da ƙwan, shi ke tsayar da kwanon. In ya yi kauri ko siriri da ko rabin milimita ne, sai ka haska bango daga taku goma ka ga baƙin rami a tsakiyar hasken, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya. Ina zama da takardar goge ƙarfe ina rage zoben kaɗan-kaɗan, ina mayarwa ina haska bango, har tsakiyar ta dunƙule ta yi tsaf. Sannan in rufe wuraren dalma da ruwan ɗorawan salatif ɗin nan na masu gyaran waya, don kada gindin kwano ya taɓa su ya haɗa wuta. Cikin kwanon kuwa ba a goge shi, ko da auduga, nan da nan yake karcewa. Hura shi kawai ake yi.

Mai gadin ya sani, matakin haske na ƙarshe mai ƙarfi ba na kwana ba ne. Bayan 'yan mintoci kan zai yi zafi, mai kyau za ta rage kanta da kanta, ba lalacewa ta yi ba. Ya riƙa yawo da matsakaici, sai ya ji motsi ya ɗaga. Idon dabba yana ƙyalli tun daga inda jikinta bai bayyana ba, ya fara neman wannan. In dorina ce ta fito kiwo, kada ya tsaya yana dalle ta, ya ja baya ya ba ta hanyar ruwa. Kuma ya tuna mai tocila ana hango shi daga nesa fiye da yadda shi yake hangowa, in ya haska ya kashe, ya gusa daga wurin. Kada a haska fuskar mutum, ko direba da mai moto a kan titi, ko wajen da jandarma da sojoji suke, ko jirgin da ke sauka filin jirgi. Yara kuma a ɓoye musu ita, a ɗan sassauta murfin gindi in za a ajiye don kada ta kunnu cikin jaka.

Baffa, ka aiko yaro da tsohuwar gobe bayan azahar, tare da batirinta da cajarta, in buɗe in auna. In ta cancanci gyara zan gaya maka abin da za a sayo, in kuma ba ta yi ba sai mu yi odar C8 ɗin. A gaida su Hajiya. Sai da safe.