Tambaya da Amsa: Na tambayi manya a kan Python sun yi mini shiru

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina wuni ina gajiya. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, wata biyu ke nan na fara koyon Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, da kaina a salula da Pydroid 3, manhajar da ake rubuta Python da ita a salula, tunda ban da kwamfuta. Wani aboki ya turo mini PDF na darussa, na kwafi layin farko print "Sannu" sai jan rubutu na kuskure ya fito. Na tura saƙo ga wasu yayyenmu da suka iya abin, na yi sallama na ce dan Allah ina da tambaya, ɗaya bai amsa ba har yau, ɗayan da na ce mishi Python ɗina ba ya aiki sai ya ce je ka tambayi Google. Wallahi abin ya yi mini ciwo. Girman kai ne ko ni ne ban iya tambaya ba? Daga ƙanenka, unguwar Ali Dan Sofo, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da ciwon naka na Python kafin mu zo ga na zuciya, don shi minti ɗaya ne. PDF ɗin nan tsoho ne, na Python 2 ne, shi kuma an daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020, abin da ke cikin salularka Python 3 ne wanda ya fito a 2008, kuma a cikinshi dole abin da za ka buga ya shiga baka biyu, wato print("Sannu"). Shi ke nan fa. Kuma in ka koma ka duba layin ƙarshe na jan rubutun nan za ka ga ya ce Missing parentheses in call to 'print', ma'ana baka biyun ne babu, har shawarar gyara yake ba ka. Mutane da sun ga ja sai gabansu ya faɗi su rufe, alhali jan nan shi ne ya fi kowa sanin inda ke ciwo, har lambar layin yana faɗa.

To ka ga ni na gane matsalar ne don a wasiƙarka ka rubuto mini ainihin layin. Su yayyen naka me ka ba su? Python ɗina ba ya aiki. Ka je wurin bakanike a Sabon Gari ka ce mishi babur ɗina ya lalace amma ka baro shi gida, ba ka ce ko tashi ne ba ya yi ko hayaƙi yake ba, me zai ce maka in ba Allah ya sawwaƙe ba?

Sai maganar sallama, nan ne tarbiyyarmu ke ɗan ja mana. A gida in ka je wurin babba sai ka gaishe shi ka jira ya amsa, a yi ina iyali ina zafi, sannan ka kawo buƙata, kuma hakan daidai ne ba wanda ya ce a bari. Amma a rubuce, wanda ke tsakiyar aiki in ya ga "salam, ina da tambaya" bai san ko abin minti biyu ba ne ko za ka ɗora mishi aikin gidan da malami ya ba ku gaba ɗaya, sai ya ce bari in na samu sarari, sararin kuma ba ya zuwa, ga rezo yana wasa ga wuta an ɗauke, magana ta bi ruwa. Ka yi gaisuwarka cikakkiya, amma ka haɗa ta da tambayar cikin saƙo guda. Kamar haka: Yaya ina wuni, ina amfani da Pydroid 3, ina son in buga Sannu a allo, ga abin da na rubuta, ga abin da ya fito mini, na sake rubutawa sau biyu kuma na nemi saƙon a Google ban gane bayanin ba. Wanda ya ga wannan ko a kan kabu-kabu yake zai iya amsa maka.

Kuma dan Allah ban da saƙon murya na minti huɗu, ba a jin inda waƙafi ya ɓace da kunne. Hoton allo da aka ɗauka a karkace hasken taga na dukan shi ma wahala ce, ka kwafo rubutun ka liƙa yadda yake, musamman Python da tazarar farkon layi ke da ma'ana a wurinshi, ka matsar da layi ɗaya kaɗan sai IndentationError, wato kuskuren tazara. Ni kaina na taɓa kwana biyu ina zargin kwamfuta ashe tazara ce na haɗa iri biyu, ban gaya wa kowa ba sai yau.

Shi wanda ya ce ka tambayi Google, gaskiya bakinshi ya yi kaushi, babba ba ya korar ƙarami haka, ko kalma biyu ya ƙara ya ce kwafi jan rubutun ka nema da ya wadatar. Amma kar ka riƙe shi a rai, ka koma mishi da tambaya irin wadda na nuna maka ka gani, in ya sake to ka san halinshi ne ka nemi wani. In kuma an ba ka amsa ta yi aiki, ka dawo ka ce Yaya ta yi, ga abin da na canza, Allah ya saka, yawanci nan ake mantawa kuma shi ne ke sa a amsa maka karo na biyu. PDF ɗin nan kuwa ka goge shi yau, ka gaya wa abokin naka shi ma ya nemi na Python 3.