Ƙara layi a ƙasan fayil ba tare da an goge na da ba

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Shago gare ni a Kasuwar Dole, nan Damagaram, ina ajiye cinikin kowace rana a ciniki.txt. Na buga umarnin echo, mai fitar da rubutu, da alamar >, sai lissafin wata guda ya ɓace, layi ɗaya ya rage. Me ya jawo?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah Ya mayar da alheri. Alamar ce ta yi ɓarnar. Idan guda ce, kwamfuta na kwashe duk abin da ke cikin fayil kafin ta rubuta sabo, ba ta kuma tambayarka. Biyu ake sawa:

echo buhun hatsi biyu >> ciniki.txt

Haka yake a cmd, wato tagar buga umarni ta Windows, da Linux, da Termux a wayar Android. In ma babu fayil ɗin, za ta ƙirƙira shi. A bash, wato manhajar karɓar umarni ta Linux da Termux, kana iya buga set -o noclobber, daga nan alama guda ba za ta sake taka fayil ɗin da yake akwai ba.

Masu lissafi su kula da wannan a cmd: kada lamba guda ta manne wa alamar. In ka rubuta echo buhu 2>>ciniki.txt, ba za a ɗauki 2 a matsayin adadin kaya ba, hanyar saƙon kuskure ce a wurin kwamfuta, don haka layin ba zai shiga ba. Fara da sunan fayil, ka huta: >>ciniki.txt echo buhu 2

Sai haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. PowerShell 5.1, wata tagar umarni da ke zuwa da Windows 10, yana rubuta >> da tsarin adana haruffa na UTF-16, alhali yawancin fayiloli UTF-8 ne. In suka haɗu sai rubutu ya dagule. Ni shawarata ka bar alamar a can, ka yi amfani da:

Add-Content ciniki.txt "ƙwai kiret 3" -Encoding UTF8

Tambaya: Malam, na sa sudo echo da alama biyu don in ƙara layi a fayil ɗin /etc/hosts na Linux, amma an hana ni izini.

Amsa: Ikon shugaban kwamfuta da sudo ke bayarwa a kan echo kaɗai ya tsaya, buɗe fayil ɗin kuwa da sunanka ake yi. Buga echo "layin" | sudo tee -a /etc/hosts. A nan tee ne ke rubutawa cikin fayil da ikon sudo. Kada ka manta -a ɗin, in babu shi tee ma gogewa yake yi.