Me Ya Sa Nake Kifewa Idan Dusar Ƙanƙara Ta Yi Zurfi?

Tambaya: Malam, ina karatu a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya, a nan na koyi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wanda ake yi da dogayen alluna biyu ɗaure a ƙafa. A hanyar da inji ya daɓe ba na faɗuwa, amma idan aka kwana ana zubar dusar ƙanƙara, sai kan allunana ya nutse, in kife. Wani abokina ya ce in riƙa jingina baya. Gaskiya ne? Kuma wane ladabi ake bi a irin wannan wuri?

Amsa: Ɗan'uwa, shawarar abokinka ta yaɗu, amma ba ta da kyau. Idan ka jingina baya cinyoyinka za su gaji nan da nan, juyawa kuma ta gagare ka, don nauyinka ya danne wutsiyar allunan. Tsaya a tsakiya, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, hannuwa a gaba.

Matsalarka daga abin da ka saba ne. A daɓaɓɓiyar hanya an koya maka ɗora nauyi kan ƙafar da ke waje idan za ka juya. A mai zurfi babu ƙasa mai tauri da za ta tare ka, saboda haka ƙafa ɗaya ta nutse, ɗayar ta taso. Matso da ƙafafunka kusa da juna, ka raba nauyin kusan daidai. Sannan kada tsoro ya sa ka rage gudu da yawa. Gudun ne ke ɗago allunan sama. Ka riƙa dannawa kana saki, lokacin da suka taso sai ka juya a hankali. Alluna masu faɗin milimita 100 ko fiye a ƙarƙashin ƙafa suna taimakawa ƙwarai.

Dusar ƙanƙara mai jiƙa dabam take. Idan rana ta buge ta, nauyinta kamar kwaɓaɓɓen siminti, tana kama allo ta murɗe gwiwa. A nan ka faɗaɗa juyi, ban da fizga.

Batun ladabi shi ya fi damuna. Dokoki 10 na FIS, hukumar wasan zamiya ta duniya, suna nan. Daga cikinsu: wanda ke gabanka shi ke da hanya, ba a tsayawa a wuri mai ƙunci ko inda ba a hango mutum, kuma ka dubi saman gangaren kafin ka tashi. Amma da ka fita daga hanyar da aka yi wa alama, maganar ta koma ta rai. Zaftarewar dusar ƙanƙara ta fi aukuwa a gangare mai digiri 30 zuwa 45. A Turai ana auna haɗarin daga mataki 1 zuwa 5, kuma kusan rabin mace-macen a mataki na 3 suke faruwa, don mutane na raina shi. Yankin Tirol, inda Innsbruck take, na fitar da rahoton haɗarin kullum a lokacin sanyi. Karanta shi kafin ka fita.

Kada ka tafi kai kaɗai. Ku riƙa gangarawa ɗaya bayan ɗaya, sauran na kallo daga wuri mai aminci, kuma kada ka ratsa ta saman wasu, don kana iya turo musu dusar gaba ɗaya. Kowa ya ɗauki na'urar gano wanda dusar ta binne, da sandar bincike, da shebur, ya kuma iya aiki da su. Waɗanda aka tono cikin minti 10 na farko, kusan 9 cikin 10 suna rayuwa. Bayan haka damar tana raguwa da sauri, kuma kafin jirgin ceto ya iso abokan tafiyarka ne kaɗai a wurin. Fitarka ta farko, ka biya jagora mai lasisi ya raka ka.