Yaya kwamfuta take kwaikwayon zaman jama'a?

Tambaya: Malam, malaminmu na nazarin zamantakewa ya ce ana kwaikwayon rayuwar jama'a a kwamfuta don a gane dalilin wasu abubuwa. Mutum mai zuciya da ra'ayi, ta yaya na'ura za ta kwaikwaye shi? Kuma zan iya gwadawa a waya? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, ba mutum sukutum ake kwaikwaya ba. Ɗabi'a guda ake ɗauka a ɗora wa ɗaruruwan 'yan ɗigo a allo, a sake su, a zuba ido.

Shahararren misali shi ne na Thomas Schelling, masanin tattalin arziki ɗan Amurka, a 1971. Da farko ko kwamfuta bai taɓa ba, kwabbai iri biyu ya jera a allo mai gida-gida kamar na dara. Kowane kwabo zai duba maƙwabtansa, in irinsa ba su kai wajen kashi ɗaya cikin uku ba, sai ya koma gidan da babu kowa. Ki lura, ba ƙin zama da bare yake ba, saniyar ware ce ba ya son zama. To amma tashinsa ya rage wa na kusa da shi ɗan'uwa, shi ma sai ya tattara, a haka har allon ya rabu unguwa-unguwa, alhali babu kwabon da ya nemi hakan.

Gwadawa kuwa kyauta ne. Manhajar NetLogo, wadda Uri Wilensky ya fitar a 1999, tana da samfuri mai suna Segregation, kuma NetLogo Web yana buɗewa a intanet ba sai kin sauke komai ba. Waya za ta yi, sai dai ƙanƙantar allo za ta wahalar da ke, kwamfuta ta fi. Ki sa buƙatar kowa ta maƙwabta irinsa a kashi 30, za ki ga an ƙare da maƙwabta iri ɗaya wajen kashi 70. Ki kai ta 80, sai kowa ya yi ta ƙaura babu mai zama. Wannan ɓangaren ya fi burge ni.

Sai dai kada ki kai wa malaminku shi a matsayin tarihi. Abin da zai iya faruwa yake nunawa, abin da ya faru kuwa sai an bincika. Sabon Garin Kano, Turawan mulkin mallaka ne suka ware shi don baƙi 'yan kudu, kuma a Amurkar ma, a da, gwamnati da bankuna sun daɗe suna hana unguwannin baƙaƙen fata rancen gida. Kwabban Schelling ba su san da wannan ba.