Kun Tambaya, Mun Amsa: Majigi Ɗaya, Ƙungiyoyi Huɗu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu 'yan sa-kai ne masu koyar da kwamfuta kyauta a Ƙaura Namoda. Da mu da takwarorinmu na Gusau da Tsafe da Talata Mafara muke ƙarƙashin uwar ƙungiya ɗaya, kuma da kuɗin karo-karo aka sayi majigi da janareta. Wata biyar kayan suna Gusau, kullum muka nema sai a ce akwai taro. Ranar da majigin ya iso mana kuma ƙwansa ya ƙone, yanzu an ce mu biya. Mu fice ne?
Daga Sakataren reshe, Ƙaura Namoda

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kada ku fice. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma abin da ya same ku rashin rubutu ne ya jawo shi, ba lallai mugun nufi ba.

Mu fara da ƙwan. Kusan kowane majigi yana ƙirga awannin da ƙwansa ya yi aiki, za ku ga adadin a cikin saitinsa. Yawancin ƙwayaye suna kai awa 2,000 zuwa 5,000, gwargwadon samfuri. In lissafin ya nuna ya kusa cika kwanansa, to tsufa ne ya kashe shi, a hannunku kawai ajali ya riske shi, kuma asusun uwar ƙungiya ne zai biya. In kuwa da sauransa, ku binciki kanku kan abu uku. Ko an kashe janareta majigi yana kunne? Fankar cikinsa tana bukatar kamar minti biyu tana huce ƙwan bayan an danna kashewa, yanke wuta farat ɗaya yana rage masa kwana. Ko ƙurar hunturu ta toshe matatar iskarsa? Ko kuma an yi wa janareta lodi? Laftof goma masu caja mai wat 65 sun kai wat 650, majigi ya ƙara kusan 300, ga fanka ga lasifika. Ƙaramin janareta mai wat 650 zuwa 950 ba zai iya ba, wuta za ta riƙa hawa da sauka. Ku nemi mai kVA 2.5, ku sa sitabilaiza tsakani.

Sai maganin gaba. A sayi littafi mai kauri ya riƙa bin kayan duk inda za su. Mai bayarwa da mai karɓa su kunna majigin tare, su rubuta kwanan wata da awannin ƙwai, su ƙirga waya da rimot, kowa ya sa hannu. Jadawalin aro a tsara shi na wata uku a zaman wakilai, kowane reshe da makonsa, a kuma yanke wanda zai biya kuɗin mota. Mu a ganinmu mai karɓa ya biya zuwa, uwar ƙungiya ta biya komawa. Ganin yadda hanyoyinmu suke, a bar kwana biyu tsakanin aro da aro domin kada a tilasta wa kowa tafiyar yamma.

TAMBAYA: Reshenmu ya fi kowa yawan mambobi da yawan kuɗin wata, amma ƙuri'armu ɗaya daidai da reshe mai mutum goma sha biyu. Ga shi kuɗin yana asusun bankin shugaba na kansa. Wannan adalci ne?
Daga wata ma'aji, Gusau

AMSA: Hajiya Ma'aji, magana ta biyu ta fi ta farko haɗari, da ita za mu fara. Ko shugaba ya kai kowa amana, kuɗin jama'a a asusunsa fitina ce gare shi. In ya rasu kuɗin ya cakuɗe da gado, in an rufe asusun aiki ya tsaya, in kuma lafiya lau, zargi ba zai bar shi ba.

Uwar ƙungiya ce za ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a matsayin ƙungiya mai amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana bukatar amintattu aƙalla biyu, da tsarin mulki, da bayanin zaman da aka naɗa su, sannan a buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bankuna kan nemi lambar haraji da takardar SCUML, sashen EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, kafin su buɗe asusu. Rassa ba sa bukatar rajista daban-daban, wannan na cikin manyan amfanin haɗuwa. Amma ku zaɓi amintattu daga garuruwa mabambanta, masu sa hannu uku, ba a fitar da ko kwabo sai biyu sun amince, kuma biyun kada su fito reshe ɗaya.

Batun ƙuri'a, kowa da gaskiyarsa. In aka bi yawan kai, Gusau za ta riƙa yanke komai, ƙananan rassa su zama 'yan amshin shata, daga nan su daina zuwa zama. Ku raba abin biyu: zaɓen shugabanni da gyaran tsarin mulki, reshe ɗaya ƙuri'a ɗaya. Kuɗi kuma kowane reshe ya riƙe kaso mafi tsoka na abin da ya tara, misali 70 cikin 100, ya tura 30 asusun tarayya don gyaran kaya da sufuri. Ta haka guminku yana hannunku, ba ku kuma danne kowa ba.

TAMBAYA: Wani reshe ya dage sai kowa ya koma Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, mu kuwa ɗalibanmu Word da Excel suke nema. Uwar ƙungiya tana da hurumin tilasta mana?
Daga mai koyarwa, Talata Mafara

AMSA: Ba ta da shi, Malam, sai in tsarin mulkinku ya ba ta. Ɗan sa-kai ba albashi yake karɓa ba, in aka matsa masa ƙafarsa ce za ta ɗauke. Hurumin uwa shi ne suna da asusu da kayan tarayya da takardar shaidar kammalawa. A daidaita kan abin da ɗalibi zai iya kafin a ba shi shaida: buga wasiƙa, haɗa jimla a teburin lissafi, aika imel da fayil a maƙale. Da wace manhaja ya koya, wannan na reshe ne.

Sai dai ku saurari 'yan Linux ɗin a wuri ɗaya. Tsofaffin laftof masu RAM gigabait 2 ko 4 da Windows ya yi wa nauyi suna farfaɗowa da Lubuntu, wani nau'in Linux mara nauyi, kuma manhajar ofis ta LibreOffice tana buɗe fayilolin Word da Excel. Mutanen Zamfara ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar. Don haka ku roƙi 'yan Linux ɗin su haɗa wa kowane reshe filas mai gigabait 32, a zuba manhajojin girkawa da darussa da Wikipedia ta Hausa a cikin Kiwix, wadda ke buɗewa ba intanet. A sabunta shi duk wata uku, ranar zaman jadawalin majigi.