Amsar Kawu Kan Maharbi da Madubin Hangen Nesa

Assalamu alaikum, ɗana.

Saƙonka ya iso ni tun ranar Talata, na jinkirta ne don tambayar taka ba ta amsawa a tsaitsaye ba ce. Ka ce ka fara bin mafarautan unguwarku a Rigasa, ka tara 'yan kuɗi kana son sayen madubin hangen nesa kafin a shiga farautar rani, sai wani dattijo a cikinsu ya ce maka maharbin gaske da idonsa yake gani, mai rataya gilashi a wuya ɗan yawon buɗe ido ne. Kana son ka ji ko abin ya saɓa wa al'ada, in kuma bai saɓa ba, wane iri za ka saya da ba za ka yi kuka da kuɗinka ba.

Da farko, kada ka yi wa dattijon nan musu a gaban mutane. Yana da gaskiyarsa. Lokacin da kakanka yake koya mana dawa, tsugunar da mu yake yi a kan sawu, ya ce mu faɗa masa gada ce ko batsiya, yaushe ta wuce, kiwo take ko gudu. Ya ɗebi ƙasa mai laushi ya sake ta a hankali don mu ga inda iska ta nufa, saboda naman daji da hanci yake fara ganinka. Madubi ba zai koya maka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Amma a ce al'ada ta hana, wannan kam ban yarda ba. Kakanninmu da kwari da baka suka yi harbi, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Baka. Yau Sarkin Bakan da kansa bindigar toka ce a kafaɗarsa, ga fitilar goshi, ga waya a aljihu, a kan babur yake zuwa bakin daji, kuma ba wanda ya tuɓe masa rawani. Wanda ya ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa yana tafiyar tsuntsu har ya kusanci barewa, me yake nema in ba ya matso da abin da ke nesa ba? Dabara ce, kuma farauta tun asalinta dabara ce.

Bari in ba ka labarin da ban cika bayarwa ba. Ina saurayi, wata asuba cikin hunturu, muna bakin wata fadama ta wajen Kujama. Hazo ya sauka, gari bai gama wayewa ba. Na hango wani abu ja-ja yana motsi cikin ciyawa, ya sunkuya ya ɗago, ya sake sunkuyawa. Zuciyata ta ce mazo ne yana shan ruwa. Na ɗora bindiga a kafaɗa, yatsana ya riga ya taɓa kunama, sai na ji hannun yayan babarka ya danne bakin bindigar ƙasa, bai ce uffan ba. Muka tsaya kamar minti ɗaya. Abin ya miƙe tsaye. Wani yaron Fulani ne da jar riga, yana cika gorarsa. Ya juyo ya ɗaga mana hannu yana murmushi, bai san komai ba. Ranar ban iya cin abinci ba. Babbar dokar maharba, wadda ta girmi bindiga, ita ce ba a harbin abin da ba a tantance ba. Duk abin da zai taimake ka ka tantance, yi wa al'ada hidima yake. Dajin yanzu ma ya fi na zamaninmu cika da mutane: masu itace, masu gawayi, makiyaya, manoman rani.

To, mu zo kan saye.

Za ka ga lambobi biyu a jikinsa, kamar 8x42 ko 10x50. Ta farko yawan kusantowa ce: a 8, abin da ke nisan mita 400 za ka gan shi kamar yana mita 50. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne da milimita, shi ke tara haske. Matasa babbar lamba ke ruɗarku, kuma 'yan kasuwa sun san haka. Za a miƙo maka wani ɗan ƙarami da zai shige aljihu, an rubuta masa 60x60, alhali gilashin gabansa bai kai faɗin murfin kwalba ba. Ƙarya ce tsagwaronta. Ko da gaske ne ma, duk abin da ya haura 10 hannu ba ya iya riƙe shi ba tare da rawa ba, balle ka taka tudu kana haki. Ga hazon Disamba da Janairu, ga ƙawalwalniyar zafin Maris. Madubi mai ƙarfi su ma kusanto maka da su yake yi. Dajinmu na nan kuwa ba fili fetal ba ne, akwai ciyawa da sabara da itatuwa, bindigar toka kuma ba ta cin nesa. Abin da kake buƙata shi ne faɗin gani da haske. Ni 8x42 zan ce ka saya. In ka fi zuwa wurare masu duwatsu irin na wajen Kajuru, inda ake hange daga tudu, 10x42 ma ba laifi.

Ga wani lissafi mai sauƙi: raba lamba ta biyu da ta farko. 42 a raba da 8 ya ba ka 5 da ɗan ɗori. Wannan shi ne faɗin hasken da ke fitowa ya shiga ƙwayar idonka. A 10x25 kuwa biyu da rabi ne kacal; da rana tsaka lafiya lau, amma da asuba ko gab da magariba, daidai lokacin da nama ke fitowa, sai ka ga kamar kana leƙa rijiya. Idon matashi irinka kan buɗe har wajen milimita 7 a duhu, namu na tsofaffi da ƙyar ya wuce 5, shi ya sa 7x50 ya fi yi maka amfani fiye da ni. Sai dai nauyi gare shi, kuma duk abin da ya yi maka nauyi a wuya, mako biyu za ka fara barinsa a gida.

Ƙirarsa iri biyu ce. Akwai mai kafaɗa, irin na da, wanda gilasan gaba suka fi na ido warwatsuwa, akwai kuma miƙaƙƙe. Mai kafaɗa ya fi sauƙin ƙerawa, don haka in kuɗinka kaɗan ne, sau da yawa shi ya fi ba da gani mai kyau a farashi ɗaya. Miƙaƙƙen ya fi daɗin ɗauka, kuma an fi samun wanda aka toshe aka cika da iskar naitirojin, ruwa da ƙura ba sa shiga. Wannan toshewar ka ba ta muhimmanci. Na farkon da na saya na gwanjo ne, gilashinsa ja wur yana ƙyalli, mai kayan yana ta rantsuwa wai da shi ake gani da dare. Rani ɗaya na yi da shi ina fama da ciwon kai ban san dalili ba, ashe idanunsa biyu ba wuri ɗaya suke kallo ba. Damina na sauka, fumfuna ta yi saƙa a ciki kamar yanar gizo-gizo. Araha ba ta ado. Jan gilashin nan kwalliya ce, ba ya ganin dare. Haka kuma ka guji mai ɗan hannu da ake turawa kusantowa ta ƙaru ko ta ragu. Gani a cikinsa ƙunci gare shi, kuma shi ne farkon lalacewa.

Swarovski na Ostiriya da Zeiss da Leica na Jamus, su ne manya, amma kuɗin ɗaya zai saya maka babur har da canji. Ba naka ba ne yanzu. Ƙananan samfuran Nikon ko Bushnell ko Celestron sun ishe ka, in ka tabbatar na asali ne, don jabu ya yi yawa. Tsohon na asali mai lafiya ya fi sabon jabu a kwali.

Ko a Kasuwar Gumi ka samu, ko a Kasuwar Barci, ko wani zai kawo maka daga Kano, kada ka biya sai ka gwada. Fito da shi bakin shago. Riƙe shi nesa da fuskarka, ka fuskanci sama mai haske (ban da rana, kallon rana da shi makanta ce), ka dubi ɗigon hasken da ke cikin gilashin ido. In zagayayye ne tas, madalla. Irin wanda aka rubuta wa BaK-4 haka yake. In gefensa ya yi kusurwa-kusurwa da duhu, gilashin ciki mai araha ne. Juya shi ka haska fitilar waya ta gaba, ka nemi fumfuna ko ƙura ko tsaga. Girgiza shi kusa da kunne. In wani abu na ƙara, ajiye. Sannan ka zaɓi allon wani shago mai nisa ko hasumiyar masallaci. Rufe idon dama ka daidaita na hagu da abin murzawa na tsakiya, sannan ka daidaita na dama da zoben da ke jikinsa. Kalli wurin minti biyu cur. In hasumiya ta zama biyu, ko da ka sauke sai ka ji idonka na ja, mayar masa da kayansa ko da rabin kuɗi ya yi maka. Tunda kana sa tabarau, gwada da shi a fuskarka ka ga ko kana ganin da'irar gaba ɗaya.

In ka saya, kada ka goge ƙurar hunturu da bakin riga, yashi ce, karce gilashin take. Hure ta tukuna.

Saura ladabi, wanda shi ne ainihin tambayarka. Ranar farko kada ka fito da shi kana taƙama. Kai wa Sarkin Baka ya duba, ka miƙa wa dattijon nan shi ma ya leƙa. Na sha ganin mai irin wannan magana in ya ɗora a ido sau ɗaya, karɓa sai da roƙo. Abin da ka hango, na ayari ne, ka sanar da na gaba da alama, ba da ihu ba. Kuma gani ba ci ba ne: yadda muka taso, nama na wanda ya fara sa masa makami ne ko wanda karensa ya kama, ba na wanda ya fara hangowa ba. In an yanko maka wani abu don hangen da ka yi, kyauta ce, ka yi godiya. Rigimar farauta mafi yawa a kan haka take tashi. In ka ga mai ciki ce ko mai shayarwa, ka faɗa, a ƙyale ta. Kada bisimilla ta bar bakinka wajen harbi ko sakin kare. Duba aya ta 4 a Suratul Ma'ida. Kuma kada ka kuskura ka juya shi wajen ruga, ko gidan mutane, ko rafin da mata ke wanka. Sau ɗaya aka gan ka, sunanka ya ɓaci, na gidanmu ma haka.

Zamanin nan kuma sai da hattara. Kamuku ta Birnin Gwari gandun daji ne na ƙasa tun 1999, farauta a ciki laifi ne, ban da ma halin da dazukan wajen suke ciki. A kan hanya madubi ya zauna cikin jaka. Matashi da bindiga da madubin hangen nesa a shingen jami'an tsaro, wani zai iya ɗaukarsa mai leƙen asiri wa 'yan bindiga. Ka ji abin da ya sami mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, suna hanyar komawa Kano. Katin ƙungiyarku da lasisin bindiga da rasidin madubin su kasance a jikinka kullum.

In ka sami biyu da suka kwanta maka a rai, roƙi mai shagon ya haɗa ka da yaronsa ku kawo mini nan Tudun Wada ranar Asabar bayan la'asar. Mu hau soro mu jira rana ta yi sanyi, a lokacin ne ake gane na kirki. Ka gaida babarka, ka ce mata zumar da ta aiko ta iso.

Kawunka.