Na ƙara waya ta biyu tsakanin suwic biyu, netwok ya tsaya cik

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta. Akwai suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci da waya) a ofis, akwai wani a ɗakin kwamfuta, waya ɗaya ta haɗa su. Ɓera ya taɓa cinye ta, shi ya sa na ja ta biyu don ko-ta-kwana. Ina sokawa komai ya tsaya, fitilun suwic duka suna ta ƙyaftawa ba ƙaƙƙautawa. Lalacewa ya yi, in sayi sabo?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dabararka mai kyau ce, kuma suwic ɗinka lafiyarsa ƙalau. Zobe ka ƙulla ba ka sani ba. Idan kwamfuta ta yi shela, misali tana neman adireshi, suwic yakan tura saƙon ta kowace kafa. Sai ya fita ta wayar farko, ya dawo ta ta biyu, ya sake fita. Saƙon Ethernet kuwa ba shi da wa'adin mutuwa, haka zai yi ta kewayawa har hanya ta cushe cikin daƙiƙa kaɗan. Fitilun da ka gani ke nan.

Maganin wannan shi ne STP, tsarin hana zobe da Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985. Yakan toshe waya ɗaya ya ajiye ta, ranar da ɗayar ta tsinke ya buɗe ta. STP na asali yana ɗaukar daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin hanya ta dawo. RSTP, sabon salonsa wanda ya fito a 2001, daƙiƙa kaɗan yake buƙata, shi za ka kunna. Ƙananan suwic ɗin da ba a iya shiga a saita su galibi ba su da ko ɗaya. In irinsu ne a wajenka, to sayen sabo ya kama ka.

Akwai abin da masu gyara da yawa ke tsallakewa, kuma yana damuna. STP yana zaɓen suwic ɗaya ya zama jagora. Mai ƙaramar lamba ke zama jagora, kowane kuma yana zuwa da lamba 32768, in suka yi kunnen doki mai ƙaramin adireshin MAC (lambar shaidar da na'ura ke zuwa da ita daga kamfani) ke ci, sau da yawa kuma tsohon suwic ne da aka manta a lungu. Ka ba suwic na ofis lamba 4096 da hannunka. Kafofin kwamfutoci ka kunna musu PortFast, kamar yadda kamfanin Cisco ke kiransa, don su fara aiki nan take, tare da BPDU Guard, don in ɗalibi ya soka wani suwic mai STP kafar ta rufe kanta. Kada ka sa waɗannan a kafofin da suka haɗa suwic da suwic.

Wayar ta biyu kuma ta bi wata hanya daban. In bututu ɗaya suka bi, ɓera ɗaya ya ishe su. Wayar tagulla iyakarta mita 100, kuma tsakanin gini da gini na fi son faiba, wayar da ke tura saƙo da haske, saboda tsawa a damina.

Tambaya: In na haɗa wayoyin biyu da LACP, tsarin da ke sa su yi aiki tare kamar waya ɗaya, zan samu gigabit biyu? Kuma Cisco na hannu ya fi, ko sabon TP-Link?

Amsa: A jimlace za ka samu, in mutane da yawa na aiki lokaci guda. Amma mutum ɗaya mai kwafe babban fayil ba zai wuce gigabit ɗaya ba, domin ta waya ɗaya zancensa ke bi. Saita ɓangarorin biyu kafin ka soka waya ta biyu, gudun kafofin da jerin VLAN (rukunonin da aka raba netwok) su zo daidai.

Batun saye, duba takardar kayan: in ka ga 802.1w (RSTP), 802.3ad (LACP), 802.1Q (VLAN) da kafar SFP (ta soka faiba), ko wanne ka ɗauka zai yi. Cisco Catalyst 2960 na hannu yana da ƙarko, sai dai wasu samfuransa kafofinsu megabit 100 ne, na haɗa suwic da suwic kaɗai ke gigabit. Sa mai shago ya kunna a gabanka, ka gwada kafa ɗaya bayan ɗaya.

In ka gama, adana saitin kafin a ɗauke wuta. Sannan ranar da babu ɗalibai ka bar ping, saƙon gwaji mai jiran amsa, yana tafiya, ka zare wayar farko, ka ƙirga amsoshi nawa suka ɓace, ka mayar, ka zare ta biyun.